Da wane mudu ake auna filin besbol?

A kakar wasa ta 2025, ƙungiyoyi biyu daga cikin 30 na babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, wato MLB, sun yi wasanninsu na gida a filayen aro. Athletics ta bar birnin Oakland bayan kakar 2024, ta koma Sutter Health Park da ke West Sacramento, filin ƙaramar ƙungiya mai ɗaukar mutum kamar 14,000. Ita kuwa Tampa Bay Rays, guguwar Milton ce ta yaye rufin filinta na Tropicana Field a watan Oktoban 2024, dole ta raɓe a filin atisayen ƙungiyar Yankees ta New York da ke Tampa, mai kujeru kusan 11,000. Wannan ya sake tayar da tsohuwar gardama: me ke sa a ce fili ya isa, kuma me ke sa a ce wannan ya fi wancan?

Duk shekara jaridu da shafukan wasanni kan jera filayen daga na 1 zuwa na 30, kuma da wuya a sami jeri biyu da suka zo daidai. Dalili shi ne mudu uku ake amfani da su, sau da yawa ba tare da an faɗi wanda aka ɗauka ba. Akwai mudun ɗan wasa, akwai na ɗan kallo, akwai kuma na mutumin gari da aka gina filin da harajinsa. Fili ɗaya kan cika wani mudun ya gaza a wani.

## Abin da doka ta ƙayyade da abin da ta bari

Ga wanda bai saba da wasan ba: mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai gora ya buge ta, ya zagaya zango uku ya dawo inda ya tashi, wurin da ake kira gida, sai a ba ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan ƙwallon ta tsallake katangar bayan fili tsakanin layuka biyu na gefe ba ta taɓa ƙasa ba, an yi homran ke nan, shi da duk wanda ke kan zango za su iso gida ba mai tare su.

Cikin filin iri ɗaya ne ko'ina. Tsakanin zango da zango ƙafa 90 ne, kamar mita 27 da ɗoriya. Daga tudun mai jifa zuwa gida ƙafa 60 da inci 6, wato mita 18.44. Daga nan kuma sai kowa ya kama gabansa. Nisan katanga, tsayinta, lanƙwasarta, da faɗin ƙasar da ke wajen layi, duk sun bambanta daga gari zuwa gari. Mai kallon ƙwallon ƙafa ya saba da ɗan bambancin tsawo da faɗi, amma raga ɗaya ce a ko'ina. A besbol kuwa, bugun da ya zama homran a wani fili, a wani cafke shi za a yi a fitar da mai bugun.

Asalin wannan daga ƙarancin wuri ne. Tsofaffin filayen an cusa su ne tsakanin titunan unguwa. Fenway Park na Boston, wanda aka buɗe a 1912, titin Lansdowne ne ya matse shi ta hagu, shi ya sa katangar wannan gefe take ƙafa 310 kawai daga gida, aka kuma ɗaga ta sama har ƙafa 37, fiye da mita 11. Ita ce ake kira Green Monster, wato koren dodo. Da 'yan ƙungiyar Dodgers suka koma Los Angeles a 1958 suka fara wasa a filin da layinsa na hagu bai wuce ƙafa 251 ba, sai gasar ta kafa doka: duk filin da aka gina bayan 1 ga Yunin 1958, layukan gefe kada su gaza ƙafa 325, tsakiya kuma ƙafa 400. Dokar tana nan, amma ana ɗaga ƙafa. Sabon Yankee Stadium na 2009 ƙafa 314 ne ta dama, Oracle Park na San Francisco kuma 309.

## Mudun ɗan wasa

Masu nazarin wasan suna da lissafin da suke gane tasirin fili da shi. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, 81 a gida, 81 a waje. Sai a haɗa makin da ta ci da wanda aka ci ta a gida a raba da yawan wasannin, a yi haka ga wasannin waje, sannan a raba na farko da na biyu a ninka sau 100. A ɗauki misali: idan jimillar maki a gida ta kama 10 a kowane wasa, a waje kuma 9, sakamakon 111 ne, ma'ana filin yana ƙara maki da kashi 11 cikin ɗari. Lamba 100 ita ce tsaka-tsaki. Abin da ya haura ta yana taimakon masu gora, wanda ya gaza yana taimakon masu jifa.

Ana haɗa makin ɓangarorin biyu ne domin a cire ƙarfin ƙungiya daga lissafin. Ƙungiya mai ƙwararrun masu gora za ta ci maki da yawa a gida da waje, don haka rabon ba zai motsa ba. Abin da ya rage shi ne filin.

Kuskuren da aka fi yi da wannan lamba shi ne dogara da kaka ɗaya. Wasa 81 kaɗan ne. Shekara mai zafi fiye da kima, ko 'yan wasanni da aka yi ruwan maki, sun isa su karkatar da sakamako. Shi ya sa masana ke ɗaukar kaka uku a haɗe. Amma nan ma akwai tarko, domin ana taɓa katanga. A Camden Yards na Baltimore an ja katangar hagu baya a 2022 aka ƙara mata tsayi, homran na wannan gefe ya ragu sosai, sannan kafin kakar 2025 aka sake matso da ita. Duk wanda ya haɗa alƙaluman 2021 da na 2022 ya auna filaye biyu ne da suna ɗaya.

Kuskure na biyu shi ne tsayawa kan lamba guda. Fili yana iya ƙara wani irin bugu ya rage wani. Fenway misali ne mai kyau. Ƙwallon da aka ɗaga sama, wadda a wani wuri za a cafke, takan tsallake koren dodo ko ta doke shi. Amma wadda aka buga da ƙarfi a miƙe, wadda za ta fita daga fili mai gajeriyar katanga, nan bango take dukawa ta dawo, mai gora ya tsaya a zango na ɗaya ko na biyu. Saboda haka Fenway ya shahara da yawan bugu mai kai mutum zango na biyu, ba da yawan homran ba.

Sai kuma hannu. Mai bugu da dama yakan ja ƙwallo zuwa hagun fili, bahago kuma zuwa dama. Gajeriyar katangar dama ta Yankee Stadium gata ce ga bahago. Oracle Park kuwa, duk da ƙafa 309 ɗin nan, yana cikin wuraren da bahago ke shan wuya, domin katangar ƙafa 24 ce a tsayi, kuma daga layi tana karkata da sauri zuwa wani lungu mai nisan ƙafa 415, ga sanyin iskar teku. Lambar da aka rubuta a jikin katanga ita kaɗai ba ta faɗin gaskiyar fili.

Akwai abubuwa biyu da ɗan kallo bai cika lura da su ba. Na farko faɗin wajen layi. A tsohon filin Oakland wannan wuri yana da faɗi ƙwarai, ƙwallon da ta kauce sama, wadda a wani fili za ta faɗa cikin 'yan kallo a ba mai gora wata dama, a can cafke ta ake yi. Na biyu duhun bangon da ake sawa can tsakiyar bayan fili, daidai inda idon mai gora ke kallo, don ya iya ganin farar ƙwallo tana fitowa daga hannun mai jifa. Idan hasken rana ko farin abu ya gurɓata wannan bango, bugu yakan yi wuya, haɗari ma ya ƙaru, tunda ana jifan da ya kai gudun kilomita 160 a awa.

## Darasin Denver

Babu filin da ya koyar da masana kamar Coors Field na Denver, wanda aka buɗe a 1995. Garin yana kan tudu, mita 1,600 daga saman teku, har akwai layin kujeru masu launin shuɗi-ja a benen sama da ke nuna daidai tsayin mil ɗaya. Iskar wurin ba ta da kauri, ƙwallo kan yi nisa fiye da yadda za ta yi a bakin teku. Masu ginin sun san haka, suka ja katanga baya: ƙafa 347 ta hagu, 415 tsakiya, 350 ta dama. Maganin ya haifi wata cuta. Bayan filin ya yi faɗi har mutum ukun da ke tsaronsa ba sa iya rufe shi, ƙwallaye suna ta faɗuwa a tsakaninsu. Homran ɗin ma bai tsaya ba, a kakar 1999 an buga 303 a wurin.

Daga baya aka gane ba siririyar iska kaɗai ba ce, har da bushewa. Ƙwallon besbol fata ce da zare, idan ta bushe takan yi tauri da santsi, ta fi tashi daga gora, ta kuma kuɓuce wa yatsun mai jifa. Tun 2002 ake ajiye ƙwallayen Denver a wani ɗaki mai daidaitaccen danshi da zafi, kuma homran ya ragu. Daga 2022 dukan filaye 30 suna da irin wannan ɗaki. Abin da ɗakin bai iya gyarawa ba shi ne lanƙwasar jifa. Ƙwallon da aka murɗa tana buƙatar iska mai kauri kafin ta karya, a Denver sai ta zo kusan a miƙe.

Wannan yana shafar lissafin da aka yi bayani a sama. Masu gorar ƙungiyar Denver suna sabawa da jifa marar lanƙwasa a gida, idan suka sauka wani gari sai su ga ƙwallo tana karyawa fiye da yadda idonsu ya saba, bugunsu ya lalace na 'yan kwanaki. Makin waje ya ragu ke nan, rabon kuma ya ƙara kumbura. Wanda ya ga tasirin tudu a fili ƙarara shi ne wanda ya kalli wasan ƙungiyoyin Padres da Giants a birnin Meziko a 2023, inda tsayin ya haura mita 2,200: an tashi 16 da 11, da homran 11 a wasa ɗaya.

Iska mai kaɗawa kuma tana iya mai da fili ɗaya biyu. A Wrigley Field na Shikago, wanda aka buɗe a 1914, idan iska ta taso daga tafkin Michigan a farkon kaka tana shigowa filin, takan danne ƙwallo. Ranar zafi da take fita waje, bugun da bai kai ya kawo ba ma sai ya tsallake katanga. Tutocin da ke saman allon maki su ake fara dubawa.

## Mudun ɗan kallo

A nan abu na farko shi ne inda kujera ta fuskanta. A shekarun 1960 da 1970 birane da dama sun gina zagayayyun filaye na kankare don besbol da ƙwallon Amurka a haɗe, irin su Three Rivers na Pittsburgh da Riverfront na Cincinnati a 1970, da Veterans na Philadelphia a 1971. An yi tsimin kuɗi, amma kujerun suna nesa kuma da yawa ba sa kallon gida, inda wasan yake. Camden Yards ne ya juya akalar a 1992: jan bulo da ƙarfe, katanga mai lungu-lungu, tsohon sito na jirgin ƙasa a bayan dama, kuma besbol kaɗai. Kusan duk filin da aka gina bayansa ya ɗauki wani abu daga gare shi.

Benen sama shi ne wurin da ya kamata a yi gwaji, domin nan ne kujerun masu ƙaramin ƙarfi suke. Tsofaffin filaye sun ɗora bene kan ginshiƙan ƙarfe, benen ya matso kusa da fili, amma wanda ya yi rashin sa'ar zama bayan ginshiƙi a ƙasa zai yini yana leƙe. Sababbin sun kawar da ginshiƙai, sai dai sun cusa hawa ɗaya ko biyu na ɗakunan alfarma a tsakani, benen sama ya tafi can ƙololuwa. A filin ƙungiyar White Sox ta Shikago na 1991 ƙorafin tsayi da gangaren benen ya yi yawa har aka cire layuka takwas na can sama a 2004. Kowane tsari da wanda ya cuta.

Rana ma abin lissafi ce. Littafin doka ya so layin da ya tashi daga gida ya bi ta tudun mai jifa ya nufi gabas maso arewa, don kada rana mai faɗuwa ta shiga idon mai gora. A filin da ya bi wannan, kujerun gefen zango na uku ne ke fara samun inuwa da la'asar, na bayan dama kuma su sha rana a fuska har ta faɗi. Tikiti biyu masu kuɗi ɗaya, ɗaya a inuwa ɗaya a rana tsakiyar Yuli, ba su zama ɗaya ba.

Sauran abubuwan a bayyane suke. Shin mai sayen abinci yana ganin fili daga barandar da ake layi? Nawa ne kuɗin tikiti da ajiye mota da abinci idan aka haɗa ga iyali guda? Wanda ke kan keken guragu ina aka ajiye shi, kuma yana gani idan na gabansa suka miƙe? Ragar kariya kuwa an tsawaita ta a dukan filayen zuwa 2020, bayan wata mata ta rasu sakamakon bugun ƙwallo a Los Angeles a 2018, wata ƙaramar yarinya kuma ta ji mummunan rauni a Houston a 2019.

Hanyar zuwa tana canza hukunci sosai. Jirgin ƙasa yana sauke mutum a bakin Wrigley da Yankee Stadium. Dodger Stadium, wanda ya fi kowane girma da kujeru 56,000, yana da kyan gani na tuddai da bishiyoyi, amma tsakiyar makeken wurin ajiye motoci yake, shiga da fita kan ci lokaci. PNC Park na Pittsburgh yana yawan zuwa saman jeri saboda kogin Allegheny da benayen gari da ake hange, da gadar Roberto Clemente da ake rufe wa motoci ranar wasa mutane su tako da ƙafa.

## Rufi ko sarari

Houston ce ta fara rufe fili da Astrodome a 1965. Hasken gilashin rufin ya hana 'yan wasa ganin ƙwallo, aka shafa masa fenti, ciyawa ta mutu, aka shimfiɗa ta roba a 1966. Toronto ta kawo rufi mai buɗewa da rufewa a 1989, daga baya Phoenix, Seattle, Houston, Milwaukee, Miami da Arlington suka bi. Masu son sarari suna cewa wasan bazara ne, a yi shi ƙarƙashin sama kan ciyawa ta gaske. Masu son rufi suna nuna mutumin da ya yi tafiyar awa uku da 'ya'yansa aka ɗage wasa saboda ruwa, ko wanda zafin Texas ya hana zuwa. Hukuncin ya danganta da garin. Rashin rufi a San Diego ba aibi ba ne, a Phoenix kuwa da ba za a iya wasan rana ba sam.

## Mudun mai biyan haraji

Wannan shi ne wanda jerin jaridu suka fi tsallakewa. Birnin Arlington na jihar Texas ya amince da dala miliyan 500 don Globe Life Field da aka buɗe wa ƙungiyar Rangers a 2020, alhali filin da ta bari na 1994 ne. 'Yan ƙungiyar Braves ta Atlanta sun bar Turner Field bayan kaka 20 kacal suka koma gundumar Cobb a 2017, inda hukumar gundumar ta zuba kusan dala miliyan 300. Jihar Nevada ta amince da har dala miliyan 380 a 2023 don filin Athletics a Las Vegas. A ɗaya gefen, Oracle Park yawancin kuɗin gininsa na masu ƙungiya ne, kuma a watan Afrilun 2024 masu zaɓe a gundumar Jackson ta Kansas City sun ƙi amincewa da harajin da za a yi wa ƙungiyar Royals sabon fili da shi.

Masu goyon bayan tallafin gwamnati suna kawo hujjar ayyukan gini, farfaɗo da unguwa, baƙi masu kashe kuɗi, da martabar gari. Akasarin masana tattalin arzikin da suka yi nazarin lamarin sun sami cewa ribar ba ta kai abin da aka kashe ba. Hujjarsu ita ce kuɗin da iyali ya kashe a filin wasa, da a wani gidan abinci ko sinima na garin zai kashe shi, an dai sauya masa aljihu ne. Ayyukan cikin filin kuma yawancinsu na ranakun wasa 81 ne. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne akwai ƙimar da ba a sa mata farashi, irin wadda mutanen Oakland suka rasa bayan shekara 57 da ƙungiyarsu. Gardamar a kan nawa ya dace a biya ne, kuma wa zai biya.

Tambayoyin da ake yi wa yarjejeniya su ne: wa ya mallaki ginin, wa ke ɗaukar gyara, wa ke cin kuɗin sayar da sunan fili da na shagunan kewaye, kuma shekara nawa ƙungiya ta ɗaure kanta ba za ta tashi ba. Har ƙasar da aka gina a kai tana da tarihi. Inda Dodger Stadium yake, unguwannin Chavez Ravine ne na iyalai 'yan asalin Meziko, aka tashe su da sunan gina gidajen gwamnati, aikin ya rushe, aka fitar da ragowar da ƙarfi a 1959.

## Yadda ake karanta jerin da aka buga

Kafin a karɓi kowane jeri, a duba wane mudu aka ɗauka da nauyin da aka ba kowane abu. Wanda ya ba tarihi kashi mafi tsoka, Fenway da Wrigley zai sa a gaba, duk da matsattsun kujeru da ginshiƙai. Wanda ya fifita jin daɗin zama zai mai da su tsakiya. Ƙuri'ar magoya baya a intanet tana karkata ga ƙungiyar da ke cin wasa, domin cikakken fili mai sowa yakan rufe aibin gini. Marubucin da ya ziyarci San Francisco da daren sanyi ya kuma je Pittsburgh da yammacin Asabar mai daɗi, yanayi ya kwatanta. Kwatanci mai adalci yana buƙatar kujera mai daraja ɗaya, lokaci ɗaya na kaka, da zuwa ta hanyar da mutanen gari ke bi.

Filin da Athletics ke ginawa a Las Vegas, wanda aka tsara buɗewa a 2028 da wurin mutum kusan 33,000 ƙarƙashin rufi, zai shiga waɗannan jeri tun shekararsa ta farko. Hukuncin ɗan kallo zai fito cikin makonni. Na ɗan wasa sai an tara kaka uku, wato bayan 2030. Na mai biyan haraji kuwa zai jira shekarun da za a ɗauka ana biyan bashin da aka ciwo don ginin.